Gajimaren Kalmomi Bai San Hausa Ba

 

Akwai wani zane da na tabbata kusan kowa a nan ya taɓa cin karo da shi, ko da bai san sunansa ba. Tarin kalmomi ne cunkushe a wuri guda, wasu manya-manya, wasu 'yan mitsi-mitsi, wasu a kwance, wasu a tsaye, kowacce da launinta. Ƙa'idarsa ɗaya ce tak: kalmar da ta fi yawan fitowa ita ta fi girma. Ni dai gajimaren kalmomi nake ce masa. Wanda yake da sunan da ya fi wannan daɗi, ƙofa a buɗe take.

Ƙungiyarmu ta marubuta tana da ɗan shafin intanet da muke ɗora gajerun labarai da waƙoƙin mambobi. Tun ranar da aka ji cewa ina da difloma a fannin kwamfuta aka ɗora mini kula da shi, aka kuma laƙaba mini Injiniya, sunan da ban nema ba kuma ya ƙi sakina. Cikin aikin har da kawo rahoto a taron wata-wata: mutum nawa suka shigo, daga waɗanne garuruwa, wane labari suka fi daɗewa a kansa. Ana tara waɗannan alƙaluma a abin da nake kira allon ƙididdiga. Ka ɗauke shi kamar allon gaban direba, inda da kallo ɗaya zai ga mai da gudu da zafin inji.

Abubuwa uku ke ciyar da namu allon, kuma dukkansu kyauta ne. Google Analytics shi ke ƙirga baƙi. Search Console shi ke faɗin kalmomin da mutane suka rubuta a Google har shafinmu ya bayyana musu. Looker Studio, wanda har zuwa Oktoban 2022 Data Studio ake kiransa, shi ke haɗa su a allo guda. Dole ce ta sa ake bi ta Search Console, domin tun 2011 Google ya fara ɓoye wa Analytics kalmomin binciken mutane, har ya zamana kusan babu abin da ake gani ta can. Shi ma Search Console ɗin bayanan wata 16 kawai yake ajiyewa, kuma yana ɓoye binciken da mutane ƙalilan ne suka yi shi, don kare sirrinsu. Ku riƙe wannan batu na ƙarshe, za mu buƙace shi a gaba.

Matsalar ita ce jerin kalmomin binciken dogon tebur ne, layi bayan layi. Duk lokacin da na haska shi a bango, sai ka ga dattawanmu sun koma kan wayoyinsu, matasa kuma sun fara hira ƙasa-ƙasa. Ban ga laifinsu ba, marubuci da tebur ba su cika shiri ba. Shi ya sa na yi tunanin mayar da teburin gajimare.

Shi wannan zane ya fara bazuwa ne wajen 2004, lokacin da shafin hotuna na Flickr ya riƙa nuna sunayen da mutane ke maƙala wa hotunansu, kowane da girmansa. A 2008 wani ma'aikacin IBM mai suna Jonathan Feinberg ya fito da Wordle (kada a rikita shi da wasan cankar kalma da jaridar New York Times ta saya a 2022, suna ne kawai ya zo ɗaya), kuma shi ne ya yayata irin cunkusasshen gajimaren da muka saba gani yanzu. Dabarar jera kalmomin mai sauƙi ce. Ana fara ɗaukar mafi girma a ajiye ta. Sai a ɗauko ta biyu a gwada mata wuri, idan ta taɓa wata sai a matsar da ita kaɗan, a yi ta zagayawa da ita daga tsakiya zuwa waje kamar naɗin gammo, har ta sami gurbin da babu kowa. Haka za a yi ta yi har kan 'yan ƙanana, waɗanda ke cusa kansu a tsakanin manya. Daga baya wani masanin manhaja, Jason Davies, ya rubuta irin wannan dabarar da yaren JavaScript ya sake ta kyauta da sunan d3-cloud, kuma a kanta aka gina gajimare da yawa da ake gani a shafukan intanet.

A cikin zane-zanen da Looker Studio ke zuwa da su ban tarar da gajimare ba. Amma ya bar ƙofa ga wanda ke son kawo nasa: ka rubuta zanen da JavaScript, ka ajiye fayilolinsa a Google Cloud Storage, ka ba allon adireshinsu, sannan ka buɗe izinin da zai bar zanen da ya zo daga waje ya karanta bayananka. Masu aiki da Power BI su nasu ya fi sauƙi, akwai gajimaren da Microsoft ya tanada, ɗaukowa kawai za ka yi. Wannan ɓangaren na haɗa wayoyi bai wuce mini 'yan kwanaki ba, har da ranakun da babu wuta. Wanda ya ci makonni shi ne Hausa.

Gajimaren farko da ya fito, wata ƙatuwar “da” ce zaune a tsakiya kamar sarauniya, “na” da “ya” da “ta” da “a” suna mata fadanci. Ba abin mamaki ba ne. Kowane harshe yana da irin waɗannan ƙananan kalmomin nahawu da suka fi kowa yawa, su ne turmi da sumuntin jimla, amma ba sa faɗa maka abin da ake magana a kai. Manhajojin gajimare sukan zo da jerin irin waɗannan kalmomi don su zubar da su kafin ƙirga, sai dai jerin na Turanci ne. Na Hausa kai za ka zauna ka rubuta abinka. Na rubuta: da, na, ta, ya, a, ba, ne, ce, ke, ga, ma, kuma, sai, dai, wai, shi, ita, su, mu, ku, wannan, cikin, haka nan har hannuna ya gaji.

Tun a nan aka fara samun cikas. Idan ka zubar da “ba”, ka zubar da korewa. Mai cewa “ina son kishiya” da mai cewa “ba na son kishiya” sun zama abu ɗaya a idon gajimare, duk sun ƙara wa “son” da “kishiya” ƙiba. Idan kuma ka bar ta, ta cinye rabin allon ba tare da ta faɗa maka me aka kore ba.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Kalmar ƙauna kaɗai sai da na same ta a kamanni huɗu: ƙauna, kauna, qauna, k'auna. A wurina da ku kalma ɗaya ce, a wurin kwamfuta baƙi huɗu ne da ba su san juna ba. Maimakon ta fito babba guda, sai ta tarwatse 'yan ƙanana huɗu a kusurwoyi daban-daban, wata kalmar da ba ta kai ta yawa ba ta zo ta haye kujerarta. Haka ɗaki da daki da d'aki. Haka 'yan da yan da ƴan, tunda mu a Najeriya da alamar ɗaurin sama muke rubuta ta, 'yan uwanmu na Nijar kuma da ƴ mai ƙugiya. Ita kanta alamar iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya, ya danganta da allon rubutun wayar mutum, kuma kwamfuta tana bambanta su. Ga kuma salon haruffa: idan wanda ka zaɓa wa zanen ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, to ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban da ta 'yan uwansa kamar haƙorin Makka.

Mai sauri zai ce ai sai a cire duk lanƙwasar a huta, a mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. To an huta da ƙauna, amma an haɗa ƙafa da kafa, an haɗa ɓari da bari, an haɗa baƙi da baki. Kai, ko ba a cire komai ba, rubutun boko namu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kuka ta miya, da kukan jariri, da “kuka” ta “abin da kuka yi”, duk rubutu ɗaya ne. Fara ta ci, da fara ta launi, da fara aiki. Gari na zama da gari na tuwo. Wuya ta wahala da wuya na sarƙa. Mu mahallin jimla ke raba mana su ba tare da mun ma lura ba, shi kuwa gajimare aikinsa na farko shi ne ya yayyanka jimlar ya watsar da mahallin.

Sai kuma halinmu na haɗe kalmomi. Mutane da yawa “tace” suke rubutawa a madadin “ta ce”, alhali tace aikin rariya ne. “Nace” a madadin “na ce”, alhali nace na mai naci ne. “Dashi” a madadin “da shi”, alhali dashi na manoma ne. Ban da gajerun rubutun waya irin su wlh da sbd da ngd da slm. Ban kuma da ɗafe-ɗafen da Hausa ke yi wa suna: gida, gidan, gidansu, gidanmu, gidaje, littafi, littafin, littattafai, littafai. Kowanne kwamfuta ƙirga shi take daban.

Wanda ya fi ba ni dariya na same shi ne lokacin da nake gwaji da wata sananniyar manhajar Python mai suna wordcloud, ta Andreas Mueller. Manhajar tana da wata al'ada da aka gina mata saboda Turanci: idan ta ga kalma ta ƙare da harafin s, kuma ta ga irinta marar s a cikin rubutun, sai ta ɗauka jam'i ne da tilo, ta haɗe su. A Turanci hakan daidai ne. A Hausa kuwa sai “gabas” ta narke a cikin “gaba”, “tas” ta wanki ta faɗa cikin “ta”. Labarin da aka ambaci gabas a cikinsa sau da dama, ka duba gajimaren sama da ƙasa babu ita. Akwai wurin kashe wannan al'adar, amma sai ka san tana nan za ka neme shi.

Abin da na yi a ƙarshe aikin hannu ne. Na buɗe tebur a Google Sheets mai gida biyu: hagu yadda mutane ke rubuta kalma, dama yadda ƙa'ida ta ce. Qauna ta koma ƙauna, k'auna ta koma ƙauna, littattafan ta koma littafi. Duk binciken da ya shigo sai ya bi ta wannan rariyar kafin ya isa allo. Duk wata ina ƙara sababbi, domin mutanenmu ba sa gajiya da ƙirƙiro sabuwar hanyar rubuta tsohuwar kalma.

Ko bayan an gyara Hausar, shi kansa zanen yana da nasa ruɗin da ya kamata mai kallo ya sani. Idan ka ninka tsayin haruffan kalma sau biyu, faɗinsu ma ya ninku, filin da ta ci a allo ya zama ninki huɗu. Ke nan kalmar da ta fi wata sau biyu kacal sai ido ya gan ta kamar ta fi ta sau huɗu. Doguwar kalma kuma tana cin fili fiye da gajeriya ko da yawansu ɗaya: ajiye “ƙwaƙwalwa” kusa da “so” ka gani. Wurin da kalma ta faɗa ba shi da ma'ana, kalmomi biyu da suka zauna kusa da juna ba lallai su taɓa haɗuwa a jimla ɗaya ba, gurbi ne kawai ya samu. Launi ma a yawancin gajimare ado ne. Mafi hatsari kuma, ita d3-cloud idan ta gama zagayenta ba ta sami inda za ta ajiye kalma ba, barin ta take yi ba tare da sanarwa ba. A faffaɗan allon kwamfuta komai zai shiga. A ƙaramin allon waya, wanda shi yawancin mambobinmu ke dubawa da shi, babbar kalma ce ma ta fi shiga hatsarin rasa wuri. A 2011 wani ma'aikacin New York Times mai suna Jacob Harris ya rubuta maƙala a Nieman Lab yana sukar gajimaren kalmomi a aikin jarida, hujjarsa ita ce zanen yana tuɓe wa kalmomi mahallinsu ya bar mai karatu da cinta-cinta. Duk wanda ya gina ɗaya da hannunsa zai fahimci abin da ya ɓata masa rai.

Duk da haka, ranar da na haska gyararren gajimaren a taro, a karon farko babu wanda ya taɓa waya. A tsakiya ga “soyayya”, ga “kishiya”, ga “aure”, ga “littafi”, ga kuma kalmar Turancin nan “complete” da masu neman cikakken littafi ke liƙa wa kowane bincike. Ɗakin ya ɗauki surutu, kowa na nuna wadda ya hango.

A lokacin muna shirin fitar da kundin gajerun labarai, kuɗin da ke asusu kuma ba su taka kara sun karya ba. Ma'ajinmu, dattijo ne da ya fara rubutu tun ba a haife ni ba, ya gyara zama ya ce, “Injiniya, ai ka gama mana aiki. Ga abin da jama'a ke so nan ɓaro-ɓaro. Jigon kundi ya fito, sai kowa ya je ya rubuto a kan manyan nan guda uku.”

Wasu suka ce haka ne. Sai wata 'yar uwa, malamar firamare ce, ba ta cika magana a taro ba, ta ɗaga hannu. Ta riga ta miƙa labarinta a kan wani tsohon marini da 'ya'yansa suka ƙi gadon sana'ar, yana ta kula da rijiyar baba shi kaɗai. Ta ce, “Baba, ni nawa labarin na duba ban ga ko kalma ɗaya tasa a jikin bangon nan ba. In janye shi ke nan?”

Ɗakin ya yi tsit. Kuma kada wani a nan ya ɗauki Ma'aji a matsayin mugun labarin. Kwalayen kundin da ya gabata har yanzu a ɗakinsa suke jibge, shi ya san nawa aka biya maɗaba'a, shi masu bashi suka sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya ga littafi ya ƙi fita daga kwali yana da haƙƙin ya tambayi me kasuwa ke so.

Na ce, “Allah ya ƙara wa Baba lafiya, a ba ni dama in faɗi inda zanen nan ya samo kalmominsa.” Abin da na bayyana musu shi ne wannan. Search Console ba ya nuna maka duk abin da Hausawa ke nema a Google. Binciken da shafinka ya bayyana a sakamakonsa kawai yake nuna maka. Shafinmu kuwa mafi yawan abin da ke kansa labaran soyayya da zaman aure ne, don haka masu neman soyayya da zaman aure su Google ke turo mana. Wanda ya nemi labarin marina ba zai taɓa faɗowa cikin ƙirgarmu ba, tunda ba mu da labarin marina da za a nuna masa. Kamar mai shagon da babu komai a kantarsa sai atamfa ne, ya zauna ya ƙirga masu shigowa, ya ce bincike ya tabbatar mutanen garin nan atamfa kawai suke saye. Sannan ga batun da na ce ku riƙe: binciken da mutane ƙalilan suka yi, Google ɓoye shi yake. Ke nan ko da akwai masu neman abin da ba a saba ba, su ne farkon waɗanda ake sharewa kafin bayanan su iso hannuna.

Akwai ma wani zaɓi da ni na yi a ɗakina wanda ya sauya fuskar zanen. Cikin alƙaluman da Search Console ke bayarwa ga kowane bincike akwai waɗannan biyu: sau nawa shafinka ya bayyana, da sau nawa aka danna aka shigo. Idan ka auna girman kalma da na farko, gajimare ɗaya za ka samu, idan ka auna da na biyu, wani daban. A namu “complete” ta fi kumbura a na farko, ta saɓe a na biyu, saboda mai neman cikakken dogon littafi yana ganin gajeren labari ne sai ya wuce abinsa. Wanda na haska musu na bayyana ne. Zanen da hannun mutum ɗaya zai iya sauya shi haka bai kamata ya yanke wa mutum ashirin hukuncin abin da za su rubuta ba.

Ba a tsayar da magana a ranar ba. A taro na gaba na zo da gajimare na biyu na ajiye shi gefen na farko. Shi wannan daga akwatin bincike na cikin shafinmu na ɗebo shi, wato abin da mutum ya rubuta bayan ya riga ya shigo. Google Analytics na yanzu, wanda ya maye gurbin tsohon a Yulin 2023, yana iya tara waɗannan kalmomi idan an kunna masa. Na tsame waɗanda babu labarin da ya dace da su a shafin, wato abin da aka nema aka rasa. Hoton ya bambanta. Ga “tatsuniya”, ga “karin magana”, ga “aljanu”, ga “tarihi”, ga “sharhi”, wanda nake zaton ɗalibai masu shirin jarrabawa ne. Ma'aji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “To su waɗannan su nawa ne?” Na faɗa masa gaskiya, ba su da yawa, masu amfani da akwatin binciken kaɗan ne cikin masu shigowa. Ya ce, “Ka gani ko? 'Yan tsirarun nan ba su za su kwashe mini kwalaye ba.” A nan ma yana da hujja.

Inda aka tsaya shi ne an bar jigo a buɗe, labarin marini ya shiga, amma sunan kundin da hoton bangonsa na soyayya ne. Sunan bai kwanta mini ba har yau. Ban ja ba, domin ba ni zan yi tallan littafin ba.

Wani abu da akwatin binciken nan ya koya mini, kuma ina roƙon duk mai kula da shafi ya kiyaye: mutane suna rubuta abin da ba ka zata ba a cikinsa. Wani sunan mutum cikakke, wani lambar waya, wata kuma damuwar gidanta ce ta zuba a jimla guda kamar mai neman shawara. Idan ka kwashe su yadda suke ka haska a bangon taro, ka tona asirin wanda bai san ana kallonsa ba. Dokokin Google Analytics kansu sun hana tura masa bayanan da za a gane mutum da su, Najeriya kuma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Ni na sa rariyata ta zubar da duk abin da ke da jerin lambobi, kuma kalma ba ta hawa allo sai an neme ta sau da dama.

Na san da yawanku ba ku da shafi balle allon ƙididdiga, kuna cewa to mu ina ruwanmu. Ruwanku yana nan, domin inda gajimaren ya fi yi mini amfani shi ne a kan rubutun kansa. Akwai shafin Voyant Tools, na malaman jami'a biyu, Stéfan Sinclair da Geoffrey Rockwell, kyauta ne, kwafe labarinka kawai za ka yi ka zuba, ya fito maka da gajimarensa. Yana kuma barinka ka rubuta naka jerin kalmomin da za a zubar. Da izinin masu su, na zuba labaran mambobinmu a dunƙule. Bayan an kawar da su “da” da sunayen taurari, abin da ya taso shi ne murmushi, kallo, zuciya, hawaye, numfashi, ajiyar, lumshe, tsaki. Kun san su ai. Taurarinmu ba sa iya amsa gaisuwa sai sun saki murmushi, ba sa iya tunani sai sun sauke ajiyar zuciya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda babu. Da ƙyar ka hango sunan wata sana'a, ko kayan aiki, ko abinci in ban da na gidan masu kuɗi, ko sunan bishiya. Mutanen cikin labaranmu suna da idanu da zuciya, amma kamar ba su da hannuwa.

Ba ina nufin ka ga “murmushi” ta yi girma ka bi ta da gogewa ba. Maimaici wani lokaci da gangan ne, kuma yana da daɗinsa. Shi Voyant yana da wani sashe da ke jero maka duk jimlolin da kalma ta fito a ciki, da abin da ke gabanta da bayanta. Can za ka je ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanne murmushi ne ke aiki, wanne ne hannunka ya rubuta kai kana tunanin wani abu. Kada kuma ka raina ƙasan jerin. George Kingsley Zipf, masanin harshe ɗan Amurka, ya yi suna da lura da cewa a dogon rubutu kalmar da ta fi yawa takan ninka ta biyu kusan sau biyu, ta ninka ta uku kusan sau uku, haka abin ke gangarowa, har ya zamana tarin kalmomi masu yawa sau ɗaya ko biyu kacal suke fitowa. A labarin malamar nan, a can ƙasa na tarar da baba da toka da katsi da bugu, kowacce sau ɗaya ko biyu, waɗanda a gajimare sai ka ƙura ido za ka gan su, wasu ma ba su sami gurbi ba. Su ne kuwa suka sa na ji warin marinar.

Kalma ɗaya ce har yau ta gagare ni, ita ce “mata”. Akwai mata jam'in mace, akwai mata ta aure, akwai “ya ce mata”. A labari, ta ukun ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, ya kamata a zubar da ita tare da su “da”. A binciken masu karatu kuwa, yawanci ta farko ko ta biyu ake nufi, kuma zubar da ita asara ce. Na gwada raba su ta hanyar duba kalmar da ta gabace ta, idan aikatau ne irin ce ko faɗa ko yi a zubar, in ba haka ba a bari. Yana kamawa wani lokaci, wani lokaci ya kuskure, domin “ya auri mata biyu” ma aikatau ne a gabanta. Masu nazarin nahawu a zauren nan, ina neman agajinku. Kafin nan dai na bar ta a allonmu da launin toka, na kuma rubuta a ƙasan zanen cewa duk kalmar da aka gani da wannan launi kada a yarda da girmanta.